Sojan da Ya Komo da Yaƙi a Zuciya

Tun yaƙin Bama da ya ƙare a 1945 har yaƙin Boko Haram, sojoji sukan komo gida jiki lafiya, zuciya kuwa a karye, har wani ya so kashe kansa. Mai laifi ne, ko majiyyaci? Dokar Arewa ta 1960 ta yanka wa mai wannan yunƙuri ɗaurin da zai kai shekara guda. A ganina tsoron kurkuku shiru kaɗai yake sa mutum. Da Iliya ya roƙi mutuwa, abinci Allah ya fara ba shi. In akwai irin wannan soja a Ƙaraye ko Rogo, ku tambaye shi a fili, ku kawar da makami da maganin ƙwari daga ɗakinsa, ku raka shi asibitin Dawanau.