Yaro Mai Motar Kara

Karatu: Fitowa 31:1-11, Fitowa 35:30-35, Luka 2:41-52

Idan aka yi maganar cika da Ruhu Mai Tsarki, hankalinmu yakan tafi ga ranar Fentikos, ga magana da harsuna, da annabci, da warkarwa. Wannan daidai ne, muna kuwa gode wa Allah saboda su. Amma ku buɗe Fitowa sura 31 ku ga mutum na farko da Littafi Mai Tsarki ya kira da sunansa, ya ce Allah ya cika shi da Ruhunsa. Sunansa Bezalel, daga kabilar Yahuza, kuma mai sana'ar hannu ne. Ruhun Allah ya sauko masa domin ya tsara abubuwa, ya sassaƙa itace, ya yi aikin zinariya da azurfa da tagulla, ya gina alfarwa ta sujada. A sura 35 an ƙara da cewa Allah ya ba shi, shi da abokin aikinsa Oholiyab, iya koya wa waɗansu.

To, ga tambayar da za mu yi tunani a kanta. A gidanka, ɗan'uwa, ko a ajinki na Makarantar Lahadi, 'yar'uwa, akwai yaron da hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Da kaka ya fere karan dawa ya haɗa mota har da ƙafafu. Da damina ya kwaso laka daga fadama ya gina shanu. Ya kwance tsohuwar tocila don ya ga abin da ke ciki. Bakinsa kuma cike da “don me?” Wannan ɓarna ce da ya kamata a tsawata, ko kuwa amana ce da za a tambaye mu a kanta?

Masu tsawatawa suna da hujja, kada mu raina ta. Uba ya sayi littafin rubutu da kuɗin da ya sha wahala kafin ya samu, sai ya tarar an cika shi da zane. Malami yana gaban aji mai cunkoso, in kowane yaro ya ɗaga hannu da tambaya, darasi ba zai ƙare ba. Jarrabawa kuma amsar da ke cikin littafi take nema. Ga ladabi da kunya da muka tashi da su, waɗanda suka koya mana cewa yaro ba ya ja da babba. Hadda ma tana da amfaninta: yaron da ya haddace ayoyi da lissafi ya tara guzurin da zai ci har tsufansa. Akwai kuma tsoro mai zurfi, wato kada yaro mai yawan dabara ya zama mai taurin kai, ya fi ƙarfin iyayensa, har ya bar hanyar Allah.

Littafin Fitowa bai ɓoye wannan haɗari ba. Tsakanin sura 31 da sura 35 akwai sura 32, inda Haruna ya karɓi 'yan kunnen zinariya daga jama'a ya ƙera ɗan maraƙi, suka yi masa sujada. Gwaninta ce ta yi gunkin nan. Amma ku lura da abin da Allah ya yi bayan ya hukunta zunubin. Bai hana Isra'ilawa ƙira da saƙa da sassaƙa ba. Ya sake kiran Bezalel, jama'a suka sake kawo zinariya, mata masu hikima suka kaɗa zare, aka gina wurin sujada. Zinariya ɗaya ce, hannuwa ma irin ɗaya ne, zuciya ce ta bambanta. Saboda haka aikinmu shi ne mu horar da zuciyar yaro cikin tsoron Allah, mu kuma bar hannunsa da tunaninsa su yi girma.

Ku dubi Ubangijinmu Yesu yana da shekara 12. Luka ya gaya mana an same shi a Haikali tsakanin malamai, yana saurarensu, yana kuma yi musu tambayoyi. Daga nan ya koma Nazarat tare da iyayensa, yana yi musu biyayya. Tambaya da ladabi sun zauna a jikin yaro ɗaya, ba su yi faɗa ba. A Markus 6:3 kuma mutanen garinsu da masassaƙi suka san shi. Ɗan Allah ya yi shekaru yana aikin itace da hannunsa kafin ya fara wa'azi a fili. Wa zai ce aikin hannu ƙasƙanci ne?

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Dutse, babban birnin jiharmu, an yi wani malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa, Malam Muhammad Bah Abba. Ya fito daga gidan masu ginin tukwane, tun yana yaro ya san yumɓu. A makaranta kuma ya karanta kimiyya. Kowa ya san randa tana sanyaya ruwa, shi kuwa sai ya tsaya a kan dalilin. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin ƙasa, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi, kamar yadda gumi yake sanyaya jiki. Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, ya rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da barkono suka yi makonni, babu lantarki ko kaɗan. Ya raba dubban tukwanen nan a ƙauyukan Jigawa, a shekarar 2000 kuma kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo da dala 75,000. Amfanin ya wuce na abinci, domin in kaya ba sa saurin ruɓewa, ba dole ne a tura yarinya talla kullum ba, tana iya zuwa makaranta.

Malamin nan Musulmi ne, kuma Allah da yake fito da ranarsa a kan kowa ya ba shi wannan basira, maƙwabta suka amfana. Abin da ya koya a gida da abin da ya koya a aji ne suka haɗu a kansa. Da an raina masa yumɓu, ko an hana shi karatu, da ba a ga tukunyar ba. A nan Miga muna da namu matsaloli. Ambaliya takan cinye gonaki da gidajen ƙasa, amfanin fadama yakan lalace kafin ya kai kasuwa. Muna addu'a Allah ya kawo mafita, mu ci gaba da yi. Amma sau da yawa Allah yakan amsa addu'a ta hannun mutum, mai yiwuwa kuwa mutumin nan yanzu yana aji uku na firamare, yana wasa da laka a bayan gidanka.

Me za mu yi ke nan? Iyaye, idan yaro ya kawo muku abin da ya haɗa, ku ajiye abin da kuke yi na ɗan lokaci ku duba. Ku tambaye shi yadda ya yi shi, da abin da zai gyara in zai sake. In yana ɓata littafin makaranta da zane, ku hana shi, sa'an nan ku ba shi kwali da gawayi, ku nuna masa lokacin aiki da lokacin wasa. In ya yi tambayar da ba ku san amsarta ba, kada ku rufe rashin sani da tsawa, ku ce masa ku je tare wurin wanda ya sani. Ranar Asabar ku kai shi wurin maƙeri, ko tela, ko mai gyaran babur, ya ga yadda ake yi. Kada ku manta da 'ya'ya mata. Yarinyar da take ɗinka wa 'yar tsanarta riga, ko take ƙirƙirar waƙa tana daka, ita ma baiwa ce a hannunta. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni a Kolosiyawa 3:21 kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Yaron da kullum ake cewa “wawa” idan ya gwada ya kasa, wata rana zai daina gwadawa, mu kuma mu ɗauka ya natsu.

Malaman Makarantar Lahadi, bayan haddar aya, ku ba yara kara su haɗa jirgin Nuhu, ku bar su su yi wasan kwaikwayon Basamariye mai kirki da kalmominsu, su sa wa ayar mako murya. Ku ware minti 10 na tambayoyi. Ku kuma da kuke koyarwa a makarantun gwamnati, a tsakanin yaran Musulmi da na Kirista, ko sau ɗaya a mako ku ba da tambayar da amsarta ba ta cikin littafi. Wannan ma shaida ce ga Almasihu.

Ku tuna da misalin da ke Matiyu 25, na bayi uku da aka ba amanar dukiya. Wanda aka hukunta bai saci kome ba. Tsoro ne ya sa ya haƙa rami ya binne abin da aka ba shi. Yaro ba shi da ikon binne baiwarsa ko ya juya ta, mu ne muke riƙe da ita a madadinsa har ya girma. Ranar da Maigida zai dawo, mu zai tambaya.

Addu'a: Ya Uba, Mahaliccin sama da ƙasa, mun gode maka saboda 'ya'yan da ka ba mu. Ruhun da ya cika Bezalel ya sauko a kansu. Ka ba mu idon ganin baiwarsu, da haƙurin renonta, da hikimar horar da zukatansu cikin tsoronka, domin aikin hannunsu ya ɗaukaka sunanka, ya kuma amfani maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.