Saurin Jin Haushi

Mu mutanen Maiduguri mun san abin da fushi yake jawowa. Ran 18 ga Fabrairu 2006, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a ƙasar Denmak, aka ƙone majami'u, aka zub da jini a garin nan. Ɓatancin ya yi zafi, gaskiya ne, amma waɗanda ba su da hannu a ciki ne suka mutu.

To, mu fa? Mu da muka ga tokar majami'ar EYN ta Wulari a Yuli 2009, yau ƙaramin abu yake raba mu. An manta sunan wani a sanarwa, sai ya daina zuwa sujada. Kalma ɗaya a WhatsApp, Zumuntar Mata ta rabu biyu, har a jibin Ubangiji ana kau da kai.

Ku tuna da Dauda. Shimai ya bi shi da zagi, yana jifansa da duwatsu. Abishai ya nemi izinin sare kansa. Sarki, ga jarumawa dama da hagu, ya hana shi, ya ci gaba da tafiyarsa, ƙura tana zuba masa.