Waƙa da Wuta: Tambayar da Fada Berrigan Ya Bar Mana

A Kurugu da sauran ƙauyukan Karaye da Rogo mun saba da waƙar da ke zuga jarumi. A lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, mawaƙan Hausa da dama sun yabi soja, har da Aƙilu Aliyu. A shekarun nan ne wani mawaƙi a Amurka, Fada Daniel Berrigan na ƙungiyar Jesuit, ya ƙi yaƙi kowane iri.

Littafin waƙoƙinsa na fari, Time Without Number, ya fito a 1957. Ran 17 ga Mayu 1968, shi da Katolika takwas suka kwashe takardu 378 daga ofishin ɗaukar soja a Catonsville, na samarin da ake iya turawa yaƙin Biyetnam, suka ƙone su a fili. Aka yanke masa shekara uku. Daga ɗaurin nan Prison Poems ya fito a 1973.

To, ya halatta mai wa'azin salama ya kunna wuta? Mu da muka san abin da wuta ta yi a Kano a Oktoba 1991 ba za mu amsa da gaggawa ba, gama kowane mai ƙone-ƙone yakan ce tasa ta gaskiya ce. Duk da haka akwai bambanci: takarda ya ƙona, bai rufe fuska ba, ya tsaya yana addu'a har aka kama shi. Inda hujjarsa ta raunana, a ganinmu, shi ne a 1970, da ya ɓuya wata huɗu maimakon ya miƙa kansa kurkuku.