GIDA TUKUNA, AMMA HAR YAUSHE?

A kowane gida mai tarbiyya ana koya wa yaro cewa idan ɗan'uwansa ya cuce shi, kada ya fita titi da kuka. Ya kai ƙara wurin wansa, in bai sami biyan bukata ba ya je wurin uwa, daga nan sai uba. Amarya ma haka ake yi mata gargaɗi ranar da za a kai ta ɗakinta, cewa maganar gida a gida ake kashe ta. Wannan koyarwa tana da kyau, ita ce kuma ta riƙe gidaje da yawa waɗanda da tuni sun watse. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba. Idan wanda aka kai wa ƙarar ya karɓa ya ajiye, bai ce i ba, bai ce a'a ba, wata ya wuce, shekara ta wuce, har yaushe wanda aka cuta zai ci gaba da jira? In kuwa ya gaji ya kai kukansa waje, shi ne ya ci amanar gida, ko gidan ne ya fara cin amanarsa?

Tambayar ba ta tsaya a tsakar gida ba. Ita ce take cin zukatan iyalai masu yawa waɗanda nasu ke tsare a gidajen yari na Nijeriya, inda wajen mutum biyu cikin kowane uku ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a kawai suke yi.

Dalilin farawa daga gida

Dokokin kare haƙƙin ɗan Adam na ƙasa da ƙasa suna da ƙa'ida mai kama da wannan koyarwa ta iyaye. A shekara ta 1981 shugabannin Afirka suka amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam da na Al'ummai a birnin Nairobi, Nijeriya ta mai da ita dokar ƙasa a 1983, ta kuma fara aiki a nahiyar a 1986. A ƙarƙashinta aka kafa hukuma mai wakilai 11 a Banjul, babban birnin Gambiya, domin sauraron koke-koken waɗanda gwamnatocinsu suka take musu haƙƙi. Sashe na 56 na yarjejeniyar ya gindaya sharaɗi, watau kafin mutum ya kai kuka Banjul sai ya bi hanyoyin neman haƙƙi na ƙasarsa har ƙarshensu.

Wannan sharaɗi yana da hujja. Ƙasa, kamar magidanci, ta cancanci a ba ta zarafin gyara laifinta da hannunta kafin a tona mata asiri a bainar jama'a. Shaidu da takardu da wurin da abin ya faru duk suna gida, alƙalin gida kuma ya san harshen mutanen da al'adarsu. Bayan haka, mutum 11 ba za su iya ɗaukar kowace ƙara ta nahiya guda ba. Irin wannan hikima ce Yetro ya ba Musa a Littafin Fitowa sura 18, sa'ad da ya ga jama'a suna tsaye tun safe har yamma suna jiran mutum ɗaya ya yi musu shari'a. Ya shawarce shi ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma, domin ƙananan al'amura su ƙare a ƙasa, masu wuya kaɗai su hau sama. Ubangiji Yesu ma, a Matiyu sura 18, ya shimfiɗa matakai: a fara da ganawa tsakanin mutum biyu, sa'an nan a gayyaci shaidu, daga bisani a kai ga ikkilisiya.

Sai dai waɗanda suka rubuta yarjejeniyar ba su rufe ƙofa ruf ba. A cikin wannan sashe suka ƙara cewa sharaɗin ya faɗi idan ya bayyana a fili cewa hanyar gida ta yi tsawon da ya wuce kima. A shekara ta 2000, cikin ƙarar da tsohon shugaban Gambiya, Dawda Jawara, ya kai bayan sojoji sun hamɓarar da shi a 1994, hukumar ta fayyace cewa hanyar gida da za a tilasta wa mutum ya bi dole ta cika abu uku: ta kasance a buɗe ba tare da shinge ba, ta kasance da begen nasara, ta kuma isa ta share masa hawaye. Ashe ƙa'idar alkawari ce mai ɓangare biyu. Wanda aka cuta ya yi alkawarin farawa daga gida, gida kuma ya yi alkawarin amsawa. In ɓangare ɗaya ya karya nasa, ba shi da bakin neman ɗayan ya cika.

Sa'ad da jira ya zama hukunci

A takarda, dokar Nijeriya ba ta bar mai jira a baya ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, yana kuma da haƙƙin a yi masa shari'a cikin lokacin da ya dace. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in kuma ba a yi masa shari'a cikin wata biyu ba alhali yana tsare, a sake shi, ko da bisa sharuɗɗa ne. Amma wannan kariya ba ta shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, nan ne kuwa ramin da mutane da yawa suka faɗa. 'Yan sanda sukan kai wanda ake zargi da fashi da makami gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraron irin wannan ƙara. Majistaren ya tura shi gidan yari a jira shawarar lauyoyin gwamnati. Daga nan fayil ya kwanta, ko ɗan sandan da ya yi bincike a sauya masa wurin aiki, mutumin kuwa yana nan.

Haka ta faru da wani mutum a Legas wanda aka kama a 2003 aka tura shi kurkukun Kirikiri. Ya shekara tara ba a mai da shi gaban alƙali ba. Abin da ya cece shi ita ce Kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda tun 2005 aka ba ta ikon karɓar ƙarar take haƙƙi kai tsaye daga hannun talaka, ba tare da sharaɗin ƙure hanyoyin gida ba. A 2012 kotun ta ce tsarewar haramtacciya ce, ta ba da umarnin a sake shi. Babu alƙalin da ya taɓa yanke masa shekara tara, amma ya yi su cif. Wannan shi ne mugun halin jinkiri: yana zartar da hukunci ba tare da kowa ya sa hannu ba, saboda haka babu wanda lamirinsa ke damunsa.

Matsalar ba ta Afirka kaɗai ba ce. A shekara ta 2000 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta duba ƙarar wani mutumin Polan wanda shari'arsa ta zamba ta haura shekara tara. Ta ce bai isa a sami ƙasar da laifin jinkiri ba, wajibi ne kowace ƙasa ta tanadi hanyar da mai jira zai kai kukan jinkirin kansa a cikin gida. Italiya ta yi dokar biyan diyyar jinkiri a 2001, Polan ta yi tata a 2004. Abin mamaki, a 2010 kotun ta sāke samun Italiya da laifi domin biyan diyyar ma ya yi jinkiri. Nijeriya ta yi nata yunƙurin a dokar gudanar da shari'ar masu laifi ta 2015, wadda ta ce a riƙa zama kullum har a gama, kada kuma kowane ɓangare ya nemi ɗagewa fiye da sau biyar. Doka ce mai kyau, amma doka ba ta da ƙafa, mutane ne ke tafiya da ita.

Gaggawa ma cuta ce

Wani zai ce gara jinkiri da kuskure, yana kuwa da gaskiyarsa. Shari'ar Nabot a 1 Sarakuna sura 21 ba ta ɗauki lokaci ba: shaidun ƙarya biyu, sai jifa. Shari'ar da aka yi wa Ubangiji Yesu ta fara da dare, kafin rana ta faɗi an gicciye shi. Shari'a ta gaskiya tana bukatar lokacin kiran shaidu da na kare kai. Saboda haka ba yawan watanni kaɗai ake dubawa ba. Kotuna sukan tambayi wuyar al'amarin, da halin wanda ake tuhuma, ko shi ne ke jan ƙafa, da halin hukuma, da kuma abin da mai jira ke asara. Akwai lokacin da ake aiki da shi, akwai kuma lokacin da ake zubarwa. Na farko bawan adalci ne, na biyu maƙiyinsa.

Ba wanda ake tuhuma kaɗai jinkiri ke cuta ba. Gwauruwar da aka kashe mijinta ita ma tana jira, shaidu suna mutuwa ko suna mantuwa, mai laifi na ainihi kuma yana samun ƙarfin gwiwa. Mai Hadishi 8:11 ya lura cewa rashin hanzarta hukunci yana ƙara wa zuciyar mutane ƙarfin aikata mugunta. Inda jama'a suka fid da rai ga kotu, nan ne sukan ɗauki sanda da fetur su yi shari'ar titi, marar laifi kuma yakan mutu a ciki.

Bulus a Kaisariya

Littafi Mai Tsarki ya ba da misali da ya dace da wannan tambaya sarai. Ayyukan Manzanni sura 24 ta nuna yadda gwamna Filikus ya saurari ƙarar da aka kai Manzo Bulus, ya ɗage ta da hujjar jiran shugaban sojoji Lisiyas, sa'an nan ya bar shi a tsare shekara biyu. Marubucin bai ɓoye dalilan ba: Filikus yana sa ran a ba shi kuɗi, yana kuma so ya faranta wa masu ƙara rai. Bulus bai tsallake kowane mataki ba. Ya amsa a gaban majalisa, ya amsa a gaban Filikus, ya amsa a gaban Festas. Sai da aka nemi a mai da shi Urushalima, inda aka shirya yi masa kwanto a hanya, sa'an nan ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar.

Wannan shi ne Bulus ɗin da ya tsauta wa Korantiyawa a kan kai juna ƙara gaban marasa bi. Babu saɓani tsakanin biyun. Ya tsauta musu domin sun tsallake gidan da zai iya sasanta su, shi kuwa ya fita ne bayan gidan ya nuna ba ya nufin yin adalci. Duk da haka fitar ba ta kawo sauƙi nan da nan ba, gama a Roma ma ya ƙara shekara biyu a tsare. Kotun waje mafaka ce ta ranar wuya, ba za ta taɓa maye gurbin alƙalin gida mai tsoron Allah ba.

Abin da ya rataya a wuyan masu bi

Haƙuri ɗiyan Ruhu ne, amma kyauta ce da wanda aka cuta yake bayarwa don kansa. Mai iko ba shi da izinin karɓarta da ƙarfi ya mai da ita mayafin sakacinsa. Magatakardan kotu da ke zaune a kan fayil har sai an ba shi na goro, da ɗan sandan da bai kai rahoton bincike ba, da lauyan da ke neman ɗagewa domin ya gajiyar da abokin hamayya, da shaidan da ya ƙi zuwa kotu don kada ya rasa cinikin yini ɗaya, da yawansu suna zaune a sujada ranar Lahadi. Kowace ranar da suka zubar, daga ran wani suka ɗebe ta.

Ikkilisiya kanta ba ta kuɓuta ba. Akan sa mutum a ƙarƙashin horo a hana shi cin Jibin Ubangiji, majalisar dattawa ta yi ta ɗage maganarsa har shekaru. Akan bar rikicin gādo ko na aure yana yawo tsakanin majalisar ikkilisiya da ta gunduma, ranar da gwauruwa ta gaji ta tafi kotu kuma sai a ce ta kunyata sunan Almasihu. Majalisar da take so a fara da ita, wajibi ne ta sa rana, ta kuma cika ta.

Ibraniyawa 13:3 ta umarci masu bi su tuna da ɗaurarru sai ka ce tare aka ɗaure su. Ziyarar gidan yari da sabulu da wa'azi abu ne mai kyau, amma ta fi amfani idan masu ziyara suka rubuta sunan mai jira, da kotunsa, da ranar da aka kai shi gaban alƙali na ƙarshe, suka miƙa wa Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko kuma suka sa sunansa gaban Babban Alƙalin jiha kafin ranar da zai kai ziyarar duba tsararru. Sau da yawa abin da ya raba mutum da 'ya'yansa shekara da shekaru takarda ɗaya ce da babu mai bin sawunta. Allah ya ba ikkilisiyarsa masu bin sawu.