BA A ƁOYE AKA YI SHI BA

 In wani ya kawo maka labari a kasuwa, ka kan tambaye shi yaushe aka yi abin, a ina, su wa suka gani. In ya kāsa amsawa, ka san tatsuniya ce. Labarin Yesu Almasihu yana da shekara, da wata, da rana, da gari, da shaidu. Manyan al'amuransa kuwa sun faru ne a kwanakin idodin Yahudawa, sa'ad da Urushalima ta cika maƙil da baƙi. Zauna mu bi su ɗaya ɗaya.

IDODI UKU

A zamanin dā, Yahudawa da ganin jinjirin wata suke fara watansu. Amma su kan ƙara wata guda a waɗansu shekaru, domin kowane idi ya tsaya a lokacinsa na girbi. A cikin Attaura Allah ya umarci Musa, cewa sau 3 a shekara mazaje su hallara a gabansa. Na fari shi ne Idin Ƙetarewa, ran 14 ga watan Nisan, wajen Maris ko Afrilu, sa'ad da sha'ir ya fara nuna. Na biyu Idin Makonni ne, lokacin girbin alkama, wanda a Helenanci ake ce da shi Fentikos, watau na hamsin. Na uku Idin Bukkoki ne, ran 15 ga wata na 7, bayan an gama tattara amfanin gona. Tsarinsu duka yana cikin Littafin Firistoci, sura 23.

HAIHUWA DA HIDIMA

An haifi Yesu a Baitalami a zamanin Kaisar Augustas, sarki Hirudus yana da rai tukuna. Hirudus ya mutu shekara 4 kafin farkon lissafin shekarun da muke bi yau, saboda haka haihuwar ta riga wannan lissafi da kaɗan. Kada wannan ya dame ka. Wani malami mai suna Diyonisiyus ne ya tsara lissafin a Roma a shekara ta 525, ya kuwa yi kuskuren ƴan shekaru.

Da Yesu ya kai shekara 12, ya tafi Urushalima Idin Ƙetarewa tare da Yusufu da Maryamu. Luka ya rubuta cewa Yahaya Maibaftisma ya fara wa'azi a shekara ta 15 ta mulkin Kaisar Tibariyas, watau wajen shekara ta 28 ko 29. Bilatus ne gwamnan Yahudiya daga 26 zuwa 36, Kayafa kuma babban firist daga 18 zuwa 36. A 1961 masu tonon kufai suka sami dutse a Kaisariya da sunan Bilatus a sassaƙe. A cikin waɗannan shekaru ne Yesu ya miƙe tsaye a ranar ƙarshe ta Idin Bukkoki, ya kira duk mai jin ƙishi ya zo wurinsa ya sha.

ƊAN RAGON IDIN ƘETAREWA

Ka tuna da asalin wannan idi. Isra'ilawa bayi ne a hannun Fir'auna. A daren da Allah ya hukunta Masar, kowane gida na Isra'ila ya yanka ɗan rago marar aibu, ya shafa jininsa a dogaran ƙofa. Inda aka ga jini, mutuwa ta ƙetare gidan. An kuma hana a karya ƙashin ragon.

A wannan idi ne aka gicciye Yesu, ran Jumma'a, a bayan garun Urushalima. Masu lissafin wata sun duba shekarun Bilatus, suka ga shekara biyu ne suka fi dacewa: 7 ga Afrilu na shekara ta 30, ko 3 ga Afrilu na 33. Yahaya ya shaida ranar shiri ce, ranar da a kan yanka raguna a Haikali. Sojoji suka karya ƙafafun mutum biyun da aka gicciye tare da shi, amma nasa ba su karya ba, gama ya riga ya mutu. Wanda aka tilasta wa ɗaukar gicciyensa kuwa mutumin Afirka ne, Saminu na Kurane, a ƙasar Libiya.

NUNAN FARI

Kai manomi, ka san daɗin damin hatsi na fari. In ya shigo gida, ka san saura yana tafe. Doka ta ce kashegarin Asabar a makon idi, firist ya kaɗa damin sha'ir na fari a gaban Ubangiji, kafin kowa ya ci sabon hatsi. Ran Lahadi da asuba, kashegarin Asabar, aka tarar kabarin Yesu ba kowa. Shi ya sa manzo Bulus, da ya rubuta wa ikkilisiyar Koranti daga Afisa wajen shekara ta 55, ya kira Almasihu ragonmu na Idin Ƙetarewa, ya kuma kira shi nunan fari na matattu. Tashinsa jingina ce ta tashin dukan waɗanda suke nasa.

RANA TA HAMSIN

Kwana 40 Yesu yana bayyana ga almajiransa, sa'an nan aka ɗauke shi sama. Mutum wajen 120 suka zauna a Urushalima suna addu'a. Da ranar Fentikos ta yi, Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu. Yahudawa daga Farisa, da Roma, da Masar, da Libiya, da ƙasar Larabawa suna garin, kowa kuwa ya ji maganar Allah da harshen garinsu. Bitrus ya yi wa'azin tashin Yesu a cikin garin da aka kashe shi mako 7 kaɗai da suka wuce, inda kowa yana iya zuwa ya duba kabarin. Mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya, aka yi musu baftisma. A ranar idin girbi ne Allah ya fara girbinsa, baƙin nan kuma suka koma garuruwansu da bishara.

BAYAN WANNAN

A Antakiya aka fara kiran masu bi Kirista. Sarki Hirudus Agaribas, wanda ya mutu a shekara ta 44, ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya, ya kama Bitrus a kwanakin Idin Abinci Marar Yisti. A Koranti aka kai Bulus gaban gwamna Galiyo, wani rubutun dutse kuwa da aka samu a Delfi ya nuna Galiyo ya yi mulki wajen 51 zuwa 52. Wajen shekara ta 57 Bulus ya tashi daga Filibi bayan idi, yana gaggawa ya kai Urushalima kafin Fentikos. A shekara ta 70, a lokacin Idin Ƙetarewa, Taitas da rundunar Roma suka kewaye Urushalima, a watan Agusta suka ƙone Haikali. Tun daga nan hadayun Haikali suka tsaya. Masu bin Yesu ba su rasa kome ba, gama hadayarsu an riga an miƙa ta sau ɗaya, ta kuwa isa har abada.

KAI FA?

Ɗan'uwana, a daren nan na Masar ba a tambayi kowa asalinsa ko yawan aikinsa na kirki ba. Jini kaɗai aka duba a bakin ƙofa. Wanda ya san labarin rago amma bai shafa jinin ba, saninsa bai cece shi ba. Haka yake da kai. Kana iya haddace shekarun nan duka, zunubinka yana nan a kanka. Allah ya tanadi Ɗan Rago, ya kuma tashe shi daga matattu. Ka tuba, ka dogara ga Yesu yau, tun ƙofar jinƙai tana buɗe. Ka nemi Linjila ta hannun Luka da Ayyukan Manzanni ka karanta da kanka, ka kuma je wurin masu bi na garinku ka yi musu tambaya. Allah ya buɗe maka zuciya. Amin.