Ƙasar Da Ta Gangara Tafki, Laifin Wa?

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma an tsara tafkin da ta tara ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ruwan nan ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Daga Kogin Kano da yake bi ake ɗiba a tace wa mutanen birni, ragowar kuma ta wuce Haɗejiya da fadamun Nguru. Miliyoyin mutane ke rayuwa da shi, amma waɗanda gonakinsu ke bakinsa ƙalilan ne, kuma lafiyar ruwan tana hannunsu fiye da kowa.

Tafki ba ya lalacewa dare ɗaya. Manomi ya share gonarsa har bakin ruwa, ya sare kalgo da sabara, ya bar ƙasa tsirara. Ruwan farko na damina ya kwashi ƙasar ya zuba a tafki, ta kwanta a ƙasansa, zurfinsa ya ragu. Takin zamani ya bi ta, ya zama abincin gansakuka da kainuwa. Idan suka mutu suka ruɓe sai su cinye iskar da kifi ke shaƙa a ruwa. Masunci ya dawo da koma ba nauyi, gidan ruwa kuma ya ƙara kashe kuɗi kafin ruwan ya shawu. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Matsalar ita ce babu wanda za a nuna da yatsa. Manomin zai ce, kuma gaskiyarsa ne, ƙasar da ta bar gonarsa ba ta kai ta sauya launin tafki ba, kuma ko ya daina noma wurin ba wanda zai ga bambanci. Shin ɓarnar da ƙanƙantarta ta hana a gan ta, laifi ce?

A sana'armu ta rubuta manhajar kwamfuta akwai irin wannan ciwo. Wani ɗan sashe na manhaja yakan ari gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura ya ƙi mayarwa. Abin da yake riƙewa kowane karo bai taka kara ya karya ba, amma idan ya maimaita sau miliyan sai na'urar ta tsaya cak. Ba ma wanke sashen don riƙonsa kaɗan ne. Tambayar da muke yi ita ce: me zai faru idan aka ci gaba da haka? Ina ganin ma'aunin ya dace da bakin tafki. Da yayyafi kogi kan cika, kuma duk wanda ya zuba nasa yana da kaso a cikar. Hujjar "nawa kaɗan ne" tana hannun kowane manomi daidai wa daida, don haka idan ta wanke ɗaya ta wanke duka, sai a wayi gari tafki ya cike da laka ba mai laifi. Ba za a karɓi hujjar da ƙarshenta ke nan ba.

Sai dai tsayawa a nan zalunci ne. An san maganin: a bar zirin ƙasa tsakanin gona da ruwa ba a noma shi, a dasa itatuwa da ciyawa mai dogon saiwa irin jema, ta riƙe gaɓa ta tace ruwan da ke gangarowa. Amma zirin nan shi ne mafi danshi a gonar, nan tumatir da albasa suka fi yi. Wanda aka ce ya bar shi talaka ne mai 'yar gona, wanda zai amfana kuwa mai buɗe famfo ne a birni, da bai taɓa jin sunansa ba. Cewa mai ƙaramin ƙarfi ya yi asara shi kaɗai don mai hali ya sha ruwa mai tsabta ba adalci ba ne, ko da an kira shi kare muhalli. Haka makiyayi: shanu na rusa gaɓa da kofato, amma idan an nome burtali an toshe mashaya, ta ina zai kai su ruwa?

Birnin New York na Amurka ya gamu da wannan tambaya. Mafi yawan ruwan shansa daga yankin tsaunukan Catskill yake zuwa. Maimakon gina matatar biliyoyin daloli, a 1997 ya ƙulla yarjejeniya da garuruwan yankin, yana biyan kuɗin kare bakin rafuka da gyaran yadda ake noma da kiwo. Mai shan ruwa ya ɗauki kasonsa na nauyin.

Ba sai mun kwafi tsarinsu ba kafin mu karɓi ƙa'idar. Haƙƙi biyu ne a nan, kuma ɗaya ba ya soke ɗaya. Na bakin ruwa kada ya fake da ƙanƙantar ɓarnarsa, na nesa kuma kada ya fake da nisansa. Idan wani kaso na kuɗin ruwan da ake biya a birni zai koma ga manoman da suka bar zirin gaɓa, sarkin noma da sarkin ruwa da arɗo su zauna su shata iyaka su ware mashaya, to an nemi kowa da abin da zai iya.

Akwai kuma waɗanda ba su da kujera a zaman: yaran da za su gaji tafkin. Lakar da ta kwanta a ƙasan madatsa ba ta fita sai da yasa mai tsadar gaske. Mu mun tarar da ruwa mai zurfi da wasu suka tara mana. Zurfin da za mu bari shi za a auna mu da shi.