Lazimin Mai Goyo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaba (SAW).

Sau da yawa mai goyo takan kai dare carbinta na rataye a ƙusa. Wannan na kuka, wancan na zazzaɓi, ga tukunya a wuta. Sai ta kwanta zuciya ba daɗi, tana ganin ta saɓa alkawarin da ta ɗauka a hannun muƙaddami.

Ɗariƙa ba ta ƙuntata mata ba. Ga mai uzuri, lazimin safe yana kaiwa har faɗuwar rana, na yamma kuma har ketowar alfijir. Istigfari 100, salati 100, hailala 100 suna samun wuri idan yara sun yi barci.

Gajiyar ma tana da asali a gidan Annabta. Niƙa ya yi wa Nana Faɗimatu kanta a hannu, ta nemi mai aiki. Mahaifinta (SAW) ya koya mata da Sayyidina Ali tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34 lokacin kwanciya, ya nuna musu wannan ya fi mai aiki alheri.

Saura maigida. Wanda ya dawo daga wazifa a zawiya ya tarar da ita a galabaice, ya karɓi yaron, ta yi alwala, ta zauna da Ubangijinta ko na ɗan lokaci. Annabi (SAW) da jikarsa Umama a kafaɗa ya yi salla.

Allah Ya sanya gajiyar iyayenmu mata a mizani. Amin.